KAREN DA KE CIN KASHI

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Yau za mu yi magana a kan abin da mutane ba su son ambata cikin taro, watau kashi, da kuma karen da ke cinsa. Kada kowa ya ji kunya. Abin da ke sa wa 'ya'yanmu ciwo bai kamata mu ji nauyin kiran sunansa ba.

A ƙasarmu ta Sule Tankarkar, da maƙwabtanmu Gumel da Maigatari da Gagarawa, kare ba shi da wuyar gani. Makiyayi yana da nasa mai bin garke. Mafarauci yana da nasa, su shiga daji tare da rani bayan an kawar da amfanin gona. Mai gona nesa da gari ya kan ajiye shi don gadi. Malamai sun gaya mana an yarda a riƙe kare saboda kiwo da farauta da tsaron gona. Akwai kuma waɗansu karnuka marasa ubangiji, suna yawo tsakanin juji da mahauta da bayan gari. Wanda ya saba fita da asuba ya san inda su ke nufa. Suna zuwa inda wani ya tsuguna ne.

Me Ya Sa Ya Ke Ci?

Waɗansu suna cewa lalacewa ce, waɗansu kuma suna cewa alamar hauka ce. Ba haka ba ne. Kare tun asali mai tsince-tsince ne, yana rayuwa da abin da mutum ya yar. Cikin mutum kuwa ba ya narkar da dukan abin da ya ci. Akwai sauran gero da wake da ke fita ba su gama narkewa ba. Hancin kare ya fi namu nesa ba kusa ba. Abin da mu ke ji ɗoyi, shi ƙanshin abinci ya ke ji a ciki.

Karya kuma idan ta haihu, ita ke lashe 'ya'yanta don su yi fitsari da kashi, ta kuma cinye abin da suka yi, har wajen mako uku. Da haka ta ke tsabtace makwancinsu. Wannan ba aibu ba ne, a ƙyale ta. Amma ɗan kwikwiyo ya kan tashi da wannan hali, in ba a kula ba ya girma da shi.

Babban dalili a ƙauyukanmu shi ne yunwa. Mu faɗi gaskiya, mutum nawa ne ke ba karensa abinci kullum? Yawancinmu mu kan jefa masa ƙanzo in ya ragu, in bai ragu ba ya nemi na kansa. A shekarar 2002 waɗansu masu bincike sun buga abin da suka gani a ƙauyukan ƙasar Zimbabuwe. Sun bi karnuka suna duba abin da su ke ci. Suka tarar kashin mutum yana cikin manyan abincinsu, tare da tuwon masara da mushe. Ashe ba mu kaɗai ba ne.

Amma ba yunwa ce kaɗai ba. A shekarar 2018 waɗansu likitocin dabbobi na ƙasar Amurka sun tambayi dubban masu karnuka. Can kare yana cin abinci ya ƙoshi, har da kwanonsa. Duk da haka suka sami kamar kare ɗaya cikin shida yana yawan cin kashin 'yan'uwansa. Sun kuma duba magungunan da a ke sayarwa wai don su hana shi. Kusan babu wanda ya yi amfani. To, ku riƙe wannan, domin za mu komo kansa.

Ina Ruwanmu?

Wani zai ce, "To, ai gyara ya ke yi mana. Ya kwashe ƙazanta, gari ya yi tsabta." Wannan magana tana da daɗin ji, amma akwai kuskure a cikinta. Kare ba ya kawar da ƙazanta. Sauya mata wuri ya ke yi. Ya ɗauko ta daga bayan gari ya kawo ta tsakar gida.

Ga yadda abin ya ke. Kun san macijin ciki, wannan doguwar tsutsa da yara su kan fitar. Macen guda ɗaya tana iya zuba ƙwai wajen 200,000 a yini ɗaya. Ƙwan ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, sai da madubin likita. Suna fita tare da kashin mai tsutsar. Idan kare ya ci, ƙwan ba sa mutuwa a cikinsa. Ɓawonsu yana da tauri, sai su bi hanjinsa su fito yadda suka shiga. An tabbatar da wannan a gonakin shayi na Asam a ƙasar Indiya, inda aka duba kashin karnuka aka sami ƙwan macijin cikin mutum, suna nan da ransu.

To, ina karen zai yi nasa kashin? Sau da yawa a gindin danga, ko bayan rumbu, ko ƙarƙashin dalbejiya inda yara ke wasa. Ƙwan su kwanta cikin ƙasa mai laima, su yi mako biyu ko uku su nuna. Jariri yana rarrafe, ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki. Shi ke nan, tsutsa ta sami sabon gida. Sai a ga yaro yana ci amma ba ya ƙiba, ciki ya yi tulu, gashi ya yi ja. Uwa ta ce mayu, uba ya ce shawara. Alhali abin ya fito daga bayan gari ne.

Ban da wannan, akwai bakin karen kansa. Ya dawo daga can, ya sa baki cikin bokitin ruwa, ya lashi kwanon da aka bari a madafa, ya lashi hannun yaro mai cin ƙosai. Ƙwayoyin cutar gudawa suna iya bin wannan hanya. Tun muna makarantar allo aka koya mana a wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya sha a ciki. Wanda ya ga inda bakin nan ya fito, ba zai yi ƙyuya wajen wankewa ba.

Kada mu ɗora wa kare dukan laifi. Ƙuda ya fi shi ɓarna. Ruwan sama da ke wanke bayan gari ya zuba a tafki da rijiya ya fi su duka. A shekarar 2021 amai da gudawa, watau kwalara, ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Ba kare ne ya kawo ta ba, ruwa ne da hannu da ƙuda. Amma tushen ɗaya ne, kashin da aka bari a fili.

Kashin Karen Kansa

Kare yana da nasa tsutsotsi, waɗansu kuwa suna kama mutum. Akwai wadda kwikwiyo ya kan samu tun yana cikin uwarsa. Idan yaro ya haɗiye ƙwanta daga ƙasa, 'yar tsutsar ba ta girma a hanjinsa. Sai ta bi jiki, ta shiga hanta, wani lokaci har ido, ta ɓata gani.

Akwai wata kuma da ta shafi mahauta da masu kiwo, mu kuwa ƙasar kiwo ce. Dubi dabbobin da ke cika kasuwar Maigatari kowace Alhamis. Wani lokaci in an yanka tunkiya ko saniya ko raƙumi, a kan ga wani ƙulli mai ruwa a jikin huhu ko hanta. Mahauci ya yanke wurin ya jefa wa kare. Wannan babban kuskure ne. Cikin ƙullin nan akwai 'ya'yan wata ƙaramar tsila. Kare ya ci, su girma a hanjinsa, ƙwansu su fito cikin kashinsa su zube a ciyawa. Tunkiya ta ci ciyawa, ƙullin ya fito mata. Mutum ma in ƙwan ya shiga bakinsa, irin ƙullin nan ya kan fito masa a hanta ko huhu. Ya kan yi shekaru yana girma ba a sani ba, sau da yawa kuma sai an yi aiki a asibiti kafin a raba shi da shi.

Haka kuma tunkiyar da ke juwa, tana zagaya wuri ɗaya kamar an ɗaure ta a turke. Sau da yawa irin wannan ƙulli ne a ƙwaƙwalwarta, daga wata tsilar kare. In an yanka ta, kada a ba kare kan. Duk naman da ke da ƙulli, a ƙone shi ko a binne shi da zurfi. A tuna da wannan musamman ran Babbar Salla, sa'ad da kowane gida ya zama mahauta.

Yadda Za A Yi Da Karen

Abu na farko da mutane su kan ɗauka shi ne sanda. Duka ba ya hana shi. Kare ba ya haɗa dukan da aka yi masa da rana da abin da ya ci da asuba. Abin da zai koya shi ne tsoronka, ya riƙa ci a ɓoye. Karen da ya saba shan duka kuma shi ne mai saurin cizo. Waɗansu suna barbaɗa barkono a kan kashin. Wa zai bi bayan gari duka da barkono? Mun riga mun ji ko magungunan Amurka ba su yi ba.

Guba kuwa kada a kusance ta. Naman da aka sa wa guba ba ya zaɓen mai ci. Kaza za ta tsattsaga, karen maƙwabci zai ci, yaro yana iya ɗauka. In karen ya mutu a daji, ungulu ta ci mushensa ita ma ta mutu. Dattawa za su gaya muku yadda ungulu ke cika mahauta a da. Yanzu sai a daɗe ba a ga ko ɗaya ba, ita ce kuwa mai kwashe mushe kyauta.

A fara da abinci. Wanda ya ajiye kare ya ɗauki nauyin cikinsa, kamar yadda ya ɗauki na jakinsa. A ba shi sau biyu, safe da maraice. Ba sai nama ba. Tuwon da ya kwana, da dusa da aka dama da ruwan zafi, da ɗan wake dafaffe, da ƙashi in an samu, sun isa. Kayan ciki in za a ba shi, a dafa tukuna. A ware masa kaskonsa na ci da na sha, kada a haɗa da na gida. Ruwa kuwa kada ya yanke masa, balle da bazara.

Sa'an nan a hana shi yawo a lokacin da ya fi samun abin, watau daga dare zuwa hantsi. A ɗaure shi a inuwa da igiya mai tsawo, ko a yi masa ɗan shinge. Amma kada a bar shi ɗaure dare da rana, zai ƙuntata ya yi zafin rai. A sake shi ya bi ka gona ko kiwo, inda idonka ke kansa.

In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. A nan ne a ke horo, ba bayan ya ci ba. Da ka ga ya sunkuyar da kai wajen ƙazanta, ka daka masa tsawa da kalma ɗaya, "Bari!" Ka ja igiyar. In ya juyo wurinka, ka ba shi ɗan abin taɓawa nan take. Kullum kalma ɗaya, kullum lada in ya bari. Mafarauta sun san wannan, da haka su ke koya wa kare ya kawo zomo bai ci ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, saboda haka kwikwiyo ya fi saurin koyo. Tsohon kare da ya riga ya saba, sai dai igiya.

Kashinsa kuma a kwashe kowace safiya da tsohuwar fartanya ko guntun kwano, a zuba a salga ko a binne. Kada a sa yara wannan aiki. Wanda ya yi ya wanke hannu da sabulu, in babu sabulu da toka.

A kai shi wurin malamin dabbobi ya ba shi maganin tsutsa. Kwikwiyo a kan fara ba shi tun yana da mako biyu, a riƙa maimaitawa yadda malamin ya ce. Babban kare kuwa kamar bayan kowane wata uku. Bayan an ba shi, a ɗaure shi kwana biyu, a tattara abin da ya fitar a binne. Kada a ba shi maganin mutane, waɗansu suna kashe kare. In kuma ka ga karen da da ba ya cin ƙazanta ya fara, yana ramewa ko yana zawo, to, a nuna shi ga malamin, wataƙila ciwo ne.

Salga

Duk abin da muka faɗa rabin magani ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kare ba zai ci abin da bai samu ba. Karenka ka iya ɗaure shi, amma marasa ubangiji fa, wa zai ɗaure su?

A watan Oktoba na shekarar 2022 aka ba Jihar Jigawa shaidar cewa ta daina bayan gida a fili. Ita ce jiha ta farko a Nijeriya da ta sami wannan, da dukan ƙananan hukumominta 27, har da namu huɗu na masarautar Gumel. Abin alfahari ne, jama'a kuwa sun yi aiki kafin a kai ga haka. Amma takardar shaida ba ta gyara salgar da ta rufta. A ganinmu, kare shi ne duba-garin da ba a iya ruɗinsa. Baƙo mai dubawa ya kan zo yini ɗaya, a share gari saboda shi. Kare kuwa yana nan kullum. In har yana samun abin ci a bayan unguwarku, to, akwai gidan da salgarsa ta cika, ko ta faɗa, ko ba a shiga.

Wahalarmu a nan ita ce rairayi. Ƙasarmu jigawa ce, ramin da aka haƙa da rani ya kan zube da damina. Saboda haka a haƙa shi zagayayye kamar rijiya, ba mai kusurwa huɗu ba, kada kuma ya yi faɗi da yawa. A ɗaure bakinsa da jikinsa da bulo, ko tsofaffin tayoyin mota, ko gangar da aka fasa gindinta. A ɗaga bakin ya fi ƙasa tudu, don kada ruwan sama ya kwarara ciki. A yi nesa da rijiya, aƙalla mita 30, watau kamar taku 40 na babban mutum, kuma a gangare, ba a saman rijiyar ba. A yi murfi mai mariƙi, a riƙa rufewa. A ajiye toka a kusa, a barbaɗa bayan an gama, tana rage wari da ƙuda. A yi ƙofa ko da ta kara ce, don kada dabba ta shiga. In ya rage kamu ɗaya ta cika, a cike da ƙasa a haƙa sabuwa. Kada a jira damina ta faɗi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ga maganar da ta fi shafar mata. Yawancin abin da kare ke samu a cikin gida kashin yara ne. Akwai masu cewa kashin jariri ba kome ba ne, ai nono kaɗai ya ke sha. Wannan ba daidai ba ne. Yara su suka fi yawan gudawa da tsutsa, don haka nasu ya kan fi na manya ɗaukar cuta. Kada a bar shi a tsakar gida, kada a watsa shi a juji ko a jefa bayan danga. A sa yaro a fo, a juye a salga, a wanke fo ɗin, ruwan wankin ma a zuba a salga. In ya yi a ƙasa, a kwashe har da ƙasar wurin, a zuba toka. Uwa ta wanke hannu da sabulu kafin ta koma kan tuwo. Maigida kuma, sayen fo da sabulu naka ne, kada ka bar mata.

Wanda ta kama shi a gona fa? Ga fartanya a hannunka. Ka haƙa rami ya fi taƙi ɗaya zurfi, ka gama ka mayar da ƙasa ka take. In ka rufe sama-sama kare zai tone. Ka nisanci hanya da inuwar da mutane ke hutawa da bakin ruwa, malamai ma sun hana tsugunawa a waɗannan wurare. Yin haka yana tsare shanunka kuma, domin tsilar da mutum ke samu daga naman sa wanda bai dahu ba, daga kashin mutum ta ke shiga saniya tun farko.

Kasuwa da tasha da makaranta da masallacin Juma'a su ma suna bukatar salga. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ku kai maganar gaban mai unguwa ko bulama, a yi gayya.

Cizo

Waɗansu suna tsammani cin ƙazanta ne ke haukata kare. A'a. Ciwon haukar kare daga yawun dabba mai ciwon ya ke fitowa, ta wurin cizo. Amma karen da ke yawon neman abinci a bayan gari shi ne ke gamuwa da mahaukacin kare, ya kawo ciwon gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, da yawa daga cikinsu yara ne. Akwai allurar rigakafi ta karnuka, a kan yi ta a Vom ta Jihar Filato. A yi wa kare tun yana da wata uku, a kuma sake kowace shekara.

In kare ya ciji mutum, ko ya yakushe shi, ko ya lashi gyambonsa, kada a tsaya neman gashin karen a ƙona, kada a ɗaure wurin da tsumma. A wanke da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa ana cuɗawa, har minti 15. Sa'an nan a tafi asibiti ran nan, ko na nan kusa ko babban asibitin Gumel, a gaya musu kare ne. In sun fara allura, a cika ta duka a ranakun da suka sa, ko da wurin ya warke. Ciwon nan in ya riga ya bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tashi. Karen kuma in an san shi, a ɗaure shi wuri mai tsaro kwana 10, ana ba shi ci da sha daga nesa, a sanar da malamin dabbobi. In ya mutu ko ya canza hali cikin kwanakin nan, a koma a gaya wa likita nan da nan.